Faifan da Malam Ya Zana

Ina cikin shekarata ta shida a Kuala Lumpur lokacin da Malam ya zo. Na riga na gama digirina na uku, an kuma riƙe ni aiki a ɗakin binciken da na yi karatun. Muna zaune a unguwar Wangsa Maju, hawa na goma sha ɗaya, ni da maigidana da 'yarmu guda ɗaya. Shi ya biyo ni ƙasar, ba ni na biyo shi ba, kuma matan 'yan garinmu da ke Danau Kota ba su taɓa bari na manta da haka ba. Yana saro mayafai da yadiddika a titin kasuwa na Jalan Tuanku Abdul Rahman yana aikawa Kano, ni kuma kullum da safe in bi jirgin ƙasa zuwa lab, wato ɗakin binciken.

Aikin da muke yi ba shi da wuyar faɗa. Akwai wani inji da ke ɗibar ƙananan ƙwayoyin da ake kira furoton, ya tura su da gudun tsiya, ya fesa su a kan wani faifan ƙarfe. In suka daki faifan sai wasu ƙwayoyin su fito daga cikinsa, su ake kira nutiron, kuma su ake nema. Da su ake leƙa cikin ƙarfe a ga inda ya tsage, da su ake ƙona wasu nau'o'in ciwon daji. Wannan faifan shi muke zanawa. A lab taget muke ce masa. Faɗinsa bai wuce bakin kofin shayi ba, amma zafin da ke sauka a kansa zai narkar da shi nan take in ba a san yadda aka bi da ruwa ta bayansa ba. Injin kansa ba mu da shi. Namu lissafi ne da zane a kwamfuta da ɗan gwajin zafi, sannan a aika wa masu injin a wata ƙasa su ƙera su gwada.

Farfesar da nake aiki a ƙarƙashinta 'yar ƙasar ce, mace mai kirki, amma ɗalibai da taruka sun yi mata yawa. Wata Litinin ta tare ni a bakin lif ta ce an kawo mata sabon ɗalibi daga ƙasarmu, dattijo ne, malamin jami'a. Ta ce, "Sunana ne a takarda, amma ke za ki riƙa duba aikinsa. Boleh?" Wato zai yiwu? Na ce zai yiwu.

Na same shi zaune a kan benci a ƙofar lab, da farar shadda da hula, ya rungume jakar leda mai cike da takardu, gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Furfura ta cinye masa gemu, ya kuma rame. Amma da ya yi gyaran murya kafin ya yi sallama, sai na gane shi.

Shekara goma sha biyar kafin wannan ranar, ina aji uku a jami'a, shi ke koya mana yadda zafi ke tafiya a cikin ƙarfe da ruwa. Ina da cikin fari, wata biyar. Ranar da ya ba da gwaji ina kwance a asibiti, cikin ya zube. Bayan kwana goma na je ofishinsa da takardar likita, ina tafiya ina dafa bango. Akwai ɗalibai maza uku a ciki suna taya shi haɗa takardu. Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa masa takardar da hannu biyu. Bai karɓa ba. Ya sa na faɗi abin da ke ciki da bakina, a gabansu. Da na faɗa sai ya ce, "Ni fiziks nake koyarwa, ni ba unguwarzoma ba ne. Wadda ta zaɓi ɗakin haihuwa ta bar wa masu karatu kujera." Ɗaya daga cikin samarin ya yi dariya ya rufe baki. Na faɗi kwas ɗin, kuma ba a wucewa aji huɗu sai da shi, don haka na maimaita shekara. Sai da na yi shekara goma kafin na sake samun ciki.

Yanzu ga shi ya miƙe tsaye yana gyara hula.

"Dakta, an ce ke 'yar gida ce. Alhamdu lillahi. Wallahi tun da na sauka ban ji Hausa ba sai a waya. A ina kika yi karatu?"

Na dube shi sosai, na ba shi lokaci. Babu komai a fuskarsa sai murnar ganin ɗan uwa a baƙon wuri. Na faɗa masa inda na yi digiri na biyu, na tsallake na farko.

"Madalla," in ji shi. "To ga ni a hannunki. Jami'armu ta ce wanda ba shi da digiri na uku ya daina sa ran ƙarin girma. Shekara uku suka ba ni."

Ba zan ce tun a ranar na ƙulla wani abu ba. Na nuna masa teburinsa, na nuna masa inda ake sallah da inda ake sayen abinci. Na dai lura cewa ban gaya wa maigidana ko wane ne ba.

Ya sha wuya a watannin farko. Da yatsa biyu yake buga kwamfuta, yana kusanto da fuskarsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Yaran lab, waɗanda duk ya haife su, sukan haɗa ido in ya rufe aikinsa bai adana ba. Amma shi ke fara zuwa, kuma in aka zo lissafin zafi da biro da takarda babu wanda ya kama ƙafarsa, har da ni. Abin da kwamfuta za ta yi awa tana lalube, shi sai ya rubuta kusan amsar a bayan ambulan.

An ba shi ya zana faifai na wani farin ƙarfe mara nauyi da ake kira beriliyom. A wata na uku ya kawo mini zanensa. Ya yi faifan da kauri, sannan ya sassaƙa ƙananan hanyoyin ruwa a bayansa, a cikin naman ƙarfen, suna rarrabuwa suna haɗewa. Ya ce a fadamar albasa ta mahaifinsa ya ga yadda ake raba ruwa haka, ta yadda kwamin ƙarshe ba ya jiran na farko ya ƙoshi. Zane ne mai kyau ƙwarai. Ban taɓa ganin wanda ya kwashe zafi daidai-wa-daida kamarsa ba.

Kuma kallo ɗaya na yi wa kaurin na san ba zai yi aiki ba. Furoton in ya shiga ƙarfe yana da iyakar inda gudunsa ke ƙarewa. In ya tsaya a cikin beriliyom, sai ya zama iskar haidurojin, ita kuma ba ta da hanyar fita. Tana taruwa kaɗan-kaɗan, har fuskar ƙarfen ta tashi ta yi bororo kamar hannun da ya ƙone, daga nan ta fashe. Shi ya sa ake yin faifan siriri, furoton ɗin su ratsa shi su je su tsaya a ruwa, ko a wani ƙarfen da ke iya shanye iskar. Duk wanda ya daɗe a wannan aiki ya san haka. Shi bai sani ba, don shi malamin zafi ne, kuma ni ce na haɗa masa takardun da zai karanta. Jimla biyu ta isa in gyara masa a ranar.

Yana tsaye a gefen teburina, hannayensa a baya, kamar yadda muke tsayawa a ofishinsa.

Na ce, "Ya yi kyau, Malam. Ka ci gaba."

Da ya fita na buɗe jerin takardun da zan tura masa na wata mai zuwa, na cire guda uku da suka yi maganar bororo.

Haka muka yi ta tafiya. Duk ranar Laraba ya kawo abin da ya yi, in gyara masa Turanci, in gyara masa jadawali, in nuna masa yadda ake sa kwamfuta ta zana launin zafi. Na taimake shi da gaske a kan komai, ban da abu ɗaya. Duk rahoton da ya je wa Farfesa da sa hannuna yake zuwa, ita kuma ta duba sama-sama ta sa nata.

A shekara ta biyu matarsa ta zo. Suka kama ɗaki ɗaya a wani gida a Danau Kota da suke raba kicin da wasu ɗalibai. Hajiya muke ce mata. Doguwa ce, mai yawan dariya, ba ta jin Turanci ko kaɗan, amma cikin wata guda ta san inda ake samun kuɓewa da gyaɗa a kasuwar Setapak. Ranar da ta fara zuwa gidanmu ta kawo mini kuka da daddawa da dambun nama, ta kama hannuna ta ce, "Malam ya ce ba don ke ba da tuni ya tattara ya koma. Allah ya yi miki albarka, 'yata."

'Yarmu a nan aka haife ta, in ka yi mata Hausa sai ta amsa da Turanci ko Malayanci. Hajiya ce ta zaunar da ita ta ce ita ba ta san wannan yaren ba, in tana son dambu ta roƙa da Hausa. Da yarinyar ta kamu da zazzaɓin dengi aka kwantar da ita, ni ina da rahoton da ba a ɗagawa, maigidana kuma yana da kaya a tashar jirgin ruwa. Hajiya ce ta zauna da ita kwana biyar, tana ba ta ruwa da cokali, tana shafa mata kai. Tun daga nan yarinyar take ce mata Kaka.

Bayan an sallame mu ne na gaya wa maigidana. Ranar Asabar ce da hantsi, na raka shi shagon wani Ba'indiye a Jalan Tuanku Abdul Rahman yana zaɓen mayafai. Muna fitowa, a tsaye a bakin titi da ƙunshin kaya a hannunsa, na faɗa masa ko wane ne Malam, da abin da ke cikin zanensa. Ya ajiye ƙunshin a ƙasa.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun watansa na uku."

"Ki gaya masa ranar Litinin."

"Ba kai ka kwanta a gadon asibitin nan ba. Ba kai ka durƙusa a gaban samari kana faɗin abin da ya fita daga jikinka ba."

Ya ce, "Cikin nawa ne ni ma. Ni na binne shi." Sannan ya ce, "Amma ba Malam ya zubar da shi ba. Maganar banza ya faɗa miki, ya kayar da ke shekara ɗaya. Ke kuma kina so ki kayar da shi gaba ɗaya. Ita matar tasa da ta kwana da 'yarki fa?"

Na ce masa ya bar abin da bai sani ba, ya ji da mayafansa. Ban taɓa yi masa gorin karatu ba sai ranar. Ya sunkuya ya ɗauki ƙunshinsa, bai ƙara tayar da maganar ba. Amma daga nan in Malam ya zo gidanmu, sai ya gaishe shi ya ce yana da aike, ya fita.

Sau ɗaya Malam ya kusa ganowa da kansa. Mun fita cin abincin rana a mamak ɗin da ke bayan makaranta, irin rumfunan abincin Musulmin Indiya. Yana tsoma roti, irin gurasarsu, a miya, sai ya tsaya da hannunsa a sama.

"Dakta, wani abu ya tsaya mini a rai tun jiya. Mun lissafa zafin da furoton ɗin nan suke kawowa. To su kansu, in sun tsaya, ina suke zuwa? Abu ba ya ɓacewa haka kawai."

Na kurɓi shayina. Saura wata bakwai ya tsaya gaban kwamitin da zai yanke ko aikinsa ya isa a rubuta shi a matsayin digiri. Da na faɗa masa a lokacin, da ya sha wahala, amma da ya kai.

Na ce, "Wannan ba ɓangarenka ba ne, Malam. Akwai ɗalibin da aka ba shi. In ka ce za ka taɓa komai ba za ka gama ba, kuma ka san lokacinka."

"Gaskiyarki," in ji shi. "Tsufa ne, yana sa mutum shisshigi." Ya kira mai shagon ya ce a yi masa tapau na roti biyu, a ƙunshe masa ya kai wa Hajiya.

Babu wani ɗalibi da aka ba.

Ranar kwamitin ya sa babbar riga. Hajiya ta guge masa ita da sitacin da ta zo da shi daga gida. An yi zaman a ƙaramin ɗakin taro, da Farfesa, da malamai biyu na sashen, da wani baƙo da aka gayyato daga ƙasar masu injin, ɗan siririn mutum mai magana a hankali. Ni da ɗaliban lab muna baya. Malam ya yi bayani na kusan minti arba'in, kuma ya yi kyau. Muryar da na sani a aji ta dawo masa. Da ya nuna hanyoyin ruwan, baƙon ya matso gaba ya gyara tabarau, ya ce bai taɓa ganin irin wannan ba. Na ga kafaɗun Malam sun saki.

Sai baƙon ya ce a koma shafin kauri. Ya duba, ya rubuta wani abu a takardarsa, ya tambaya cikin ladabi ko an yi lissafin inda furoton ɗin za su tsaya. Malam ya ce a cikin faifan. Baƙon ya ce to ina iskar za ta je. Ya ce a irin injinsu wannan faifan ba zai daɗe ba zai yi bororo ya fashe, ruwa ya shiga inda bai kamata ba. Ya ce dole a rage kaurin sosai. Ɗaya daga malaman ya ce in an rage kaurin ai babu naman da za a sassaƙa hanyoyin ruwan a ciki. 

Malam ya juyo ya dube ni. Ba kallon tuhuma ba ne, kallon wanda ke jiran a ce ga ɗalibin da aka ba ɓangaren. Na sunkuyar da kai ina kallon takardar da ke cinyata. Na ji shi ya yi gyaran murya.

Ya ce da su, "Kuskurena ne. Ban duba ba."

Na daɗe ina tunanin yadda zan ji a wannan lokacin. Daɗi na ji. Ba zan ɓoye ba. Wani sanyi ya sauko mini daga ƙirji har ciki, kuma da na ga yana tattara takardunsa, ban kawar da ido ba.

Kwamiti ya ce sai an sake aikin daga tushe, abin da zai ci aƙalla shekara ɗaya da rabi. Shi kuma saura masa wata biyar.

Washegari Farfesa ta kira ni ofishinta ta rufe ƙofa. Ta ce abin ya ba ta kunya a gaban baƙo, kuma ta kasa gane yadda ni, da na yi digirina a kan wannan matsalar, na bar shi ya wuce. Na riga na shirya amsata tun a jirgi.

Na ce, "Na gaya masa ba sau ɗaya ba. Amma kin san manyan mazan wajenmu. Malamin jami'a ne tun ina yarinya. Ba zai ɗauki gyara daga mace ba."

Ta daɗe tana kallona. Ita ma mace ce da ta yi shekaru a cikin maza masu ilimi, ta san irin mutumin da na kwatanta. Ta gyaɗa kai ta ce ai da na kawo mata ƙara tun da wuri. Da Malam ya nemi ta rubuta wa jami'arsa wasiƙar neman ƙarin lokaci, ta rubuta layi huɗu marasa zafi, suka ƙi.

Bai daina zuwa lab ba. Ya nemo takardun nan uku da kansa, na gan su a teburinsa ya ja layi da jan biro. Ba ya kawo mini komai ranar Laraba. In mun haɗu ya ce, "Dakta, ina kwana," in amsa.

Ana saura kwana biyu su tafi suka zo mana sallama da la'asar. Ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, irin na nan da ke sauka kullum da yamma. Hajiya ta shige ɗaki da yarinyar tana yi mata kitso na ƙarshe. Maigidana ya gaishe shi, wannan karon bai fita ba, ya koma kicin ya tsaya. Malam ya zauna a bakin kujera, hularsa a jiƙe.

"Dakta, tambaya ɗaya zan yi miki, don kada in tafi da ita. Takardun nan uku, biyu daga ciki an ambace su a kundin digirinki. Na karanta shi makon jiya. Me na yi miki?"

Na gaya masa. Na faɗi shekarar, da ajin, da ofishinsa mai kallon wurin ajiye motoci, da samarin nan uku, da maganarsa kalma bayan kalma.  Shekara goma sha takwas ina maimaita ta.

Ya saurara har ƙarshe. Ya runtse ido, na ga yana nema da gaske. Ya buɗe ya ce, "Wallahi ban tuna ba."

Na ce, "Na sani."

"Ban ce ƙarya kike yi ba. Maganar irin tawa ce. Na faɗa wa mutane da yawa irinta." Ya murza gwiwarsa. "Amma da kin zage ni ranar da na zo. Da kin ce a ba wani ni. Shekara uku kina cin abinci da ni. Matata tana kiranki 'yarta."



"To ki yafe mini nawa," in ji shi. "Naki kuma, ban san ko zan iya ba. Zan gwada."

Na ce, "Ban nemi ka yafe mini ba, Malam. Ni ma ban yafe ba."

Ya gyaɗa kai kamar an ba shi amsar lissafi. Ya roƙe ni abu ɗaya, kada Hajiya ta sani, don ita a wurinta ƙaddara ce kawai, kuma hawan jininta ba ya son tashin hankali. Da suka fito ta rungume ni tana kuka, ta ce in riƙa kiranta, ta ce in na zo gida kada in sauka ko'ina sai wurinta. Maigidana ya riƙa musu lema har bakin mota. Da ya dawo ya wuce ni a falo bai dube ni ba, kuma mun fi wata biyu ba ma magana sai ta cefane da makarantar yarinya.

Ya bar littattafan lissafinsa guda shida a lab, don dokar wurin ta ce na lab ne. Bayan wata huɗu na ɗauko su. Na yi faifan siriri, na manna shi a kan wani ƙarfen da ke shanye iskar, na sassaƙa hanyoyin ruwan Malam a cikin wannan ƙarfen na biyu. Wata uku ya ɗauke ni. Masu injin suka ƙera suka gwada, ya jure fiye da duk wanda muka taɓa aikawa. Muka buga takarda, sunana a farko, na Farfesa a ƙarshe. Nasa yana can ƙasa cikin ƙananan haruffa, inda ake gode wa waɗanda suka taimaka. Da wannan takardar aka tabbatar mini da aiki.

Hajiya ta yi ta kirana har kusan shekara guda, tana tambayar jikarta. Daga baya ta daina, in na kira ba ta ɗauka. Ban san ko ya gaya mata ba ne ko ta gano da kanta. Yarinyar ta yi ta tambayar Kaka, sannan ta manta, Hausarta ma ta tafi.

Bara aka kawo mana wata ɗaliba daga jami'ar tasa, yarinya mai kaifin kai, ta zo digiri na biyu. Muna shan shayi na tambaye ta labarin malaman sashen ɗaya bayan ɗaya, har na zo kansa. Ta ce yana nan, bai samu ƙarin girma ba, 'yan aji ɗaya yake koyarwa. Ta ce 'yan gabansu sun ba su labarin da can yana da faɗa amma yana koyarwa da kyau, yanzu kuwa shigowa yake ya karanta takarda ya fita. Kuma tun da ya dawo daga waje ba ya karɓar mace a aikin kammala digiri. Ita ma an tura ta wurinsa, ya mayar da fayil ɗinta ta hannun masinja. Wata ƙawarta da ba ta samu wani malamin ba sai da ta ƙara zango ɗaya, daga nan aka yi mata aure ba ta koma ba.

"Ba mu san me mata suka yi masa ba," in ji ta. "Ko kin san shi, Dakta? An ce nan ƙasar ya zo."

Na ce ya taɓa zama a lab ɗin nan, teburin da take zama a kai ma nasa ne. Sannan na ce ta kawo zanenta in gani, muka shafe sauran ranar a kansa.